Yadda Ake Amfani da Tsirrai Wajen Maganin Tsutsar Ciki Ba Tare da An Illata Mara Lafiya Ba

Da wuya a zaga Babbar Kasuwar Katsina ko 'Yar Kutungu, ko a je Mai'aduwa ranar da kasuwarta ke ci, a rasa mai tallar maganin tsutsar ciki, wani da garin sassaƙe a ƙullin leda, wani da jiƙo a gorar roba. Masu saye ba su yi kuskure ba da suka yarda cewa a cikin itatuwanmu akwai abin da ke kashe tsutsa, domin bincike ya tabbatar da haka a kan tsirrai da dama, kuma kafin a samu ƙwayoyin da ake rabawa a makarantu yau, likitocin Turai da Amurka su ma da tsirrai suke wannan aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ke iya kashe tsutsa yana iya illata mai ɗauke da ita, musamman ƙaramin yaro. Saboda haka duk wanda zai yi wa iyalinsa wannan magani yana bukatar ya san wace tsutsa yake nema, wane ɓangare na tsiro zai ɗauka, nawa za a sha, da kuma yadda zai tabbatar cewa maganin ya ci.

Fara da sanin irin tsutsar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5, wato kusan kashi 24 cikin 100 na mutanen duniya, suna ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wadda aka fi sani ita ce macijin ciki, doguwa mai kama da tana, wadda tsawonta kan kai santimita 35, macen kuma tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana guda. Ƙwan yana fita da bayan gida, ya yi makonni a ƙasa mai danshi har ya nuna, sannan ya koma bakin wani ta hannu mai datti ko ganyen da ba a wanke ba. Akwai tsutsa mai ƙugiya, wadda ke huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta ƙarasa hanji ta maƙale tana shan jini a hankali, har a ga yaro ya ɗashe, ko mai juna biyu tana haki ba ta yi aikin komai ba. Akwai ƙananan farare masu kama da guntun zare, waɗanda ke sa yaro sosa dubura da dare. Akwai kuma tsila, mai faɗi da gaɓa-gaɓa, wadda ake samu daga naman shanun da bai dahu ba, kamar tsire ko balangun da aka sauke cikinsa da sauran ja. Tana iya kai mita da yawa a hanji, kuma mai ita yakan ga gutsattsarinta farare suna motsi a bayan gida ko a wando.

Ciwon ciki, rama, tashin zuciya da yawan tofar da yawu, waɗanda jama'a ke ɗauka alamun tsutsa ne, suna iya fitowa daga gyambon ciki, taifot ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Hanyar da ta fi kawar da shakka ita ce gwajin bayan gida. A karɓi ƙaramar roba mai murfi daga ɗakin gwaji na asibiti, a ɗebi kaɗan daga bayan gidan safe ba tare da ya haɗu da fitsari ko ƙasa ba, a kai shi da wuri. A ƙarƙashin madubin gwaji kowace tsutsa da siffar ƙwanta. Wannan gwaji na farko shi ne abin da za a kwatanta da na biyu bayan an sha magani.

Tun daga nan ya kamata a ware tsargiya gefe guda. Ita ma tsutsa ce ke haddasa ta, amma a jijiyoyin jinin mafitsara take zama, ba a cikin hanji ba, kuma ana ɗaukar ta ne a ruwan da ke da ƙananan katantanwa. Yaran da ke iyo da kamun kifi a kududdufai da bakin madatsun ruwa irin na Zobe, Ajiwa da Jibiya su ne suka fi fuskantar haɗarinta. Jinin da ke ɗiga a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce, kamar yadda har yanzu wasu ke faɗa wa samari. Ciwo ne da ke iya lalata mafitsara da ƙoda idan ya daɗe. Maganinta ƙwaya ce da ake rubuta Praziquantel a kwalinta, ana bayar da ita gwargwadon nauyin jiki ko tsawon yaro, kuma babu wani jiƙo da zan yarda a sa a madadinta.

'Ya'yan gwanda

A cikin dukkan tsirran da ake ambata, 'ya'yan gwanda ne na fi natsuwa da su, saboda an gwada su a jikin mutane, a wannan ƙasa tamu, kuma an rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi. A 2007 wasu likitocin yara a kudu maso yammacin Najeriya suka wallafa gwajin da suka yi da yara 60 waɗanda aka ga ƙwan tsutsa ko wasu ƙwayoyin cutar hanji a bayan gidansu. An raba su gida biyu, aka ba rabi garin busassun 'ya'yan gwanda a cikin zuma, aka ba sauran zuma zalla. Bayan kwana 7 aka sake gwaji, sai aka tarar 23 daga cikin 30 da suka sha gwandar sun rabu da abin, alhali 5 ne kawai daga cikin 30 na masu zuma zalla suka rabu da shi, kuma ba a ga wata illa mai tsanani ba. Daga baya, a 2018, aka wallafa wani gwajin daga Kenya, inda aka riƙa ba 'yan makaranta kunun masara mai garin 'ya'yan gwanda har wata biyu. Yawan ƙwan macijin ciki ya ragu da kimanin kashi 64 cikin 100, a wajen waɗanda aka ba ƙwayar albendazol kuwa ya ragu da kimanin kashi 79. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa gwanda tana aiki da gaske, kuma suna nuna cewa ba ta kai ƙwayar asibiti ba. Yaran da aka yi gwajin da su ma ba su da yawa, don haka bai kamata a zuzuta abin fiye da yadda yake ba.

Ga yadda ake haɗa shi. A samu gwanda nunanniya mai lafiya, a yanka, a kwashe baƙaƙen 'ya'yan, a bar farare waɗanda ba su ƙosa ba. A zuba su a rariya a murza da hannu cikin ruwa mai tsabta har santsin da ya lulluɓe su ya fita, domin idan aka bar shi yana hana su bushewa kuma yana jawo fumfuna. Sai a baza su a faifai ko tire, kada su hau kan juna, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a rufe da yanki mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, ana juyawa kullum. Da hunturu cikin 'yan kwanaki sun bushe. Da damina kuwa suna ɗaukar lokaci, kuma a nan ne ake bukatar sa ido, domin duk 'ya'yan da suka yi fari-fari ko kore-kore na fumfuna, ko suka soma warin ruɓa, zubar da su ake yi gaba ɗaya. An san sun bushe idan an danna ɗaya ya fashe maimakon ya lotsa.

Kada a soya su, kada a tafasa. Sinadarin da ke kashe tsutsar ba ya samuwa sai an farfasa ƙwayar, abubuwa biyu da ke cikinta sun haɗu, kuma zafin wuta yana lalata ɗaya daga cikinsu tun kafin su haɗu. Wannan sinadari ne ke ba 'ya'yan yajin nan mai hawa hanci, kuma yana bin iska idan garin ya daɗe a buɗe. Don haka a ajiye su da ƙwayarsu a kwalba mai murfi, a daka iya abin da za a sha a ranar da za a sha, a ƙaramin turmi mai tsabta wanda ba a daka barkono a cikinsa ba.

Ma'aunin da aka yi aiki da shi a gwajin Najeriya shi ne kimanin giram 4 na garin a cikin mililita 20 na haɗin zuma, wato cikin cokalin shayi huɗu, a sha sau ɗaya. A auna garin da ƙaramin sikeli, irin wanda ake samu a kantin magani ko wajen masu sayar da zinariya, domin cokali yana yaudara: garin da aka daka lukui da wanda aka ɓarza ba nauyinsu ɗaya ba ko da sun cika cokali guda. Aikin zumar shi ne ta rufe yajin ta sa yaro ya haɗiye, ba ita ce maganin ba. Kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Ni a ganina duk yaron da bai kai shekara biyu ba ma asibiti ya kamata a kai shi, ba a gwada masa wannan haɗi a gida ba.

Akwai waɗanda suka mayar da 'ya'yan gwanda abin ci na kullum da sunan wankin ciki, kuma wannan ba daidai ba ne. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye da birai sun nuna cewa shan abin da aka tatso daga 'ya'yan na tsawon lokaci yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji. Mai juna biyu kuwa ta nisanci 'ya'yan, ta kuma nisanci farin ƙaron ɗanyar gwanda, wanda ke iya sa mahaifa ta riƙa tsukewa.

'Ya'yan kabewa da tsila

'Ya'yan kabewa, waɗanda a gidaje da yawa ake zubarwa idan za a yi miyar taushe, tsohon maganin tsila ne a ƙasashe da dama, har sun daɗe a cikin kundin magungunan Amurka kafin a cire su a ƙarni na 20. Ba kashe tsilar suke yi ba. Sandarar da ita suke yi ta saki bangon hanji, sannan a fitar da ita da abin da ke sa bayan gida. A lardin Sichuwan na ƙasar Sin an wallafa wani gwaji a 2012, inda aka ba masu tsila ɗanyun 'ya'yan kabewa da aka ɓare, fiye da giram 100 ga babban mutum, da safe kafin a ci komai, aka bi su da ruwan wani goro na ƙasashen Asiya, sannan da gishirin asibiti mai sa zawo, kuma mafi yawansu sun fitar da tsilar ɗungurungum. Ya kamata a lura cewa a gaban ma'aikatan lafiya aka yi wannan, kuma haɗin biyun ya fi kabewar ita kaɗai aiki.

Babban mutum mai lafiya da yake son gwadawa zai wanke 'ya'yan, ya shanya su a inuwa, ya ɓare ɓawon, ya daka ƙwayar ɗanya, ya dama da nono ko zuma ya sha da safe. Ba agushi ake nufi ba, ko da yake 'yan uwan juna ne. Kabewa abinci ce, haɗarinta kaɗan ne. Haɗarin yana wajen abin sa zawon da ake bin ta da shi, don haka a nemi shawarar mai ilmin magani a kan wannan, kada a ɗauko filasko ko jar kanwa a yi ta ɗirka. Abin da ya fi muhimmanci a sani game da tsila shi ne, kanta ƙarami ne ƙwarai, bai wuce kan allura mai ƙulli ba, kuma muddin ya rage a maƙale za ta sake tofo gaɓoɓi, a sake ganinsu bayan wata biyu zuwa uku. Wanda ya ga sun dawo, ya je a ba shi ƙwayar nan da ake ba masu tsargiya, domin ita ma tana kashe tsila da sha ɗaya.

Tafarnuwa ba ta bukatar dogon bayani. Sinadarinta yana kashe tsutsa a ɗakin gwaji, amma ba abin dogaro ba ce a matsayin magani ita kaɗai. A sa ta a miya yadda aka saba. Kada a cusa ta a duburar yaro mai ƙaiƙayi, domin ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata mai taushi.

Itatuwa masu ɗaci

A nan ne mutanenmu suka fi sakin jiki, kuma a nan ne na fi jin tsoro. An ɗauka cewa duk abin da ya fi ɗaci ya fi ƙarfi, kuma idan mutum ya yi ta zawo bayan ya sha, alama ce cuta tana fita. Zawo ba shaida ba ce ta mutuwar tsutsa. Sau da yawa alama ce kawai cewa hanji ya ji jiki, kuma a jikin yaro zawon yini guda yana iya tsotse ruwan da zai kai shi gadon asibiti.

Sassaƙen maɗaci, ganye da ɓawon marke, saiwar gwandar daji, shuwaka da 'ya'yan bagaruwa duk an bincika su a jami'o'in Najeriya da maƙwabta, kuma an ga da yawansu suna hana ƙwan tsutsa ƙyanƙyashewa ko suna rage yawanta a cikin tumaki da awaki. Shuwaka ma tana da wani labari mai ban sha'awa: masu nazarin manyan birai a tsaunukan Mahale na Tanzaniya sun lura cewa wanda ba shi da lafiya yakan karyo reshenta, ya ɓare, ya tsotse ɗacin cikin. Sai dai akasarin wannan bincike a kan dabbobi aka yi shi ko a cikin kwalaben ɗakin gwaji, kuma abin da ya dace da tunkiya bai zama lallai ya dace da yaro ɗan shekara biyar ba. Ƙari a kan haka, ƙarfin jiƙo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sassaƙen tsohon maɗaci ba ɗaya yake da na ƙarami ba, wanda aka sara da rani ba ɗaya yake da na damina ba, kuma wanda ya kwana a tukunya yana tafasa ba ɗaya yake da wanda aka jiƙa na ɗan lokaci ba. Kofi ɗaya na yau yana iya ninka na jiya ƙarfi, mai sha bai sani ba, hanta da ƙoda kuwa su ne ke karɓar abin da ya wuce kima, kuma ba sa nuna alama sai ɓarnar ta yi nisa. Shawarata ita ce a ci shuwaka a miya, amma kada a ba yara jiƙon maɗaci ko na marke da sunan maganin tsutsa. Masu sassaƙa kuma su ji tausayin itatuwan, su ɗauka daga gefe ɗaya, domin itacen da aka zagaye shi da sara bushewa yake yi, kuma manyan maɗatai sun yi ƙaranci a ƙasar Katsina da Daura.

Aduwa, wadda yaranmu ke tsotsa tun suna ƙanana, tana ɗauke da sinadari mai kumfa, kuma tun shekarun 1930 aka gano a Sudan cewa 'ya'yanta da ɓawonta suna kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya idan aka zuba a ruwa. Wannan gaskiya ne, amma kashe katantanwa a tafki daban, kashe tsutsa a jijiyar mafitsara daban. Bedi kuwa, wato darbejiya, wanda kusan kowace unguwa a Katsina ke shan inuwarsa, man 'ya'yansa haɗari ne babba ga jarirai da ƙananan yara. A Indiya da Malesiya an rubuta labarin yaran da aka ɗura wa shi suka kama amai da jijjiga, suka fita hayyacinsu, wasu suka rasu.

Tarihin magani ya riga ya bi wannan hanya, kuma yana da kyau mu amfana da abin da ya faru da wasu. A 1830 aka tace wani sinadari mai suna santonin a Jamus daga wani tsiro ɗan uwan tazargade, aka yi fiye da shekara ɗari ana ba yara shi don macijin ciki. Yana aiki, amma yakan sa mai sha ya riƙa ganin komai rawaya, idan ya yi yawa kuma ya kawo jijjiga, har wani lokaci mutuwa, shi ya sa aka yi watsi da shi da aka samu wanda ya fi shi aminci. A Habasha, inda cin ɗanyen nama ya sa tsila ta yawaita, furen itacen koso ne maganinta na gargajiya, kuma an danganta yawan shansa da lalacewar gani. Waɗannan tsirrai sun yi aikin da aka sha su dominsa, sai dai tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe tsutsa da abin da ke illata mutum ta yi ƙanƙanta, sai garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma waɗanda ba a ma kusantarsu: ƙaron tumfafiya, wanda ke taɓa bugun zuciya kuma yake illata ido, 'ya'yan zurma, 'ya'yan bini-da-zugu, masu sa amai da zawo mai tsanani, da zaƙami. Haka nan kananzir da man fetur, waɗanda har yanzu ake jin wasu na ɗiga wa yaro, suna iya ƙona huhu idan ya sarƙe.

Wanda ba a yi wa magani a gida

Mai juna biyu, mai shayarwa, yaron da bai kai shekara biyu ba, yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, mai ciwon hanta ko ƙoda, mai sikila, da mai shan maganin hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya, duk waɗannan likita ne zai zaɓa musu abin da za su sha. Idan kuma cikin yaro ya kumbura ya yi tauri, yana amai, bayan gida ya tsaya, ko tsutsa ta fito ta baki ko ta hanci, a garzaya da shi asibiti a wannan lokacin, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko babban asibitin Katsina ko na Daura, ko wanda ya fi kusa. Macijin ciki idan ya yi yawa yakan dunƙule ya toshe hanji, kuma ba wa irin wannan yaro abin sa zawo yana iya ƙara masa haɗari. Haka nan wanda cikin fatar idonsa da tafin hannunsa suka yi fari yana bukatar a auna jininsa, domin ko an kashe tsutsar sai an mayar da jinin da ta sha.

Wanda zai sayi haɗaɗɗen magani a kwalba ya duba lambar NAFDAC, sunan mai haɗawa, jerin tsirran da ke ciki da ranar lalacewa. Ya kuma sani cewa lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba cewa ba su da guba bayyananniya ne, ba wai an tabbatar suna warkar da duk abin da aka jera a jikin kwalbar ba. Gorar da ba ta da rubutu, mai ita kuma ya ƙi faɗin abin da ya zuba, a bar masa kayansa.

Bayan an sha

A koma ɗakin gwaji da sabon bayan gida bayan mako ɗaya zuwa biyu. Rashin ganin tsutsa da ido ba ya nufin maganin bai yi ba, ganin guda ɗaya ta fito kuma ba ya nufin sun ƙare. Idan har yanzu akwai ƙwai, kada a ninka garin gwanda, a koma ga ƙwayar asibiti. Albendazol mai miligiram 400, taunawa ɗaya, yana raba fiye da kashi 90 cikin 100 na masu macijin ciki da shi, ana ba ɗan wata 12 zuwa 23 rabi, kuma ana raba shi kyauta a makon lafiyar mata da ƙananan yara da kuma wasu makarantun firamare. Ba na ganin hikimar uba ya hana a ba ɗansa wannan ƙwaya don yana da gwanda a bayan ɗaki. Amfanin tsirran nan ya fi fitowa a inda asibiti ya yi nisa, ko aka daɗe ba a zo rabon magani ba.

Makiyaya da masu kiwon ragon layya suna da nasu kason a wannan magana. Da damina wata jar tsutsa mai shan jini takan cika tumbin tumaki da awaki, a ga dabba ta rame, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, kuma a ƙasashe da yawa tsutsar ta soma jure wa magungunan zamani saboda yawan bayar da su ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ne ya sa masu bincike, har da na cibiyar nazarin dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, suka mai da hankali ga tsirran da makiyaya suka daɗe suna amfani da su. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu bauri, irin su bagaruwa da marke, suna taimakawa wajen rage tsutsar idan aka haɗa kaɗan a cikin abinci, amma idan suka yi yawa suna hana dabba cin moriyar abin da ta ci. Dabbar da ta riga ta ɗashe sai malamin dabbobi.

Ƙwan macijin ciki yana iya yin shekaru a ƙasa mai inuwa da danshi bai mutu ba, don haka gidan da yara ke bayan gida a tsakar gida ko a bayan katanga, cikin 'yan watanni tsutsar za ta dawo, kowane irin magani aka sha. A kwashe kashin yara a zuba a masai nan take, a rufe bakin masan, a wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci, a sa wa yara takalmi musamman da damina. Latas, kabeji da karas na lambu a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsabta, mai nama kuma a ce ya bar tsiren a wuta har cikinsa ya daina ja. Ƙananan fararen tsutsotsin nan masu sa ƙaiƙayi su ne suka fi naci, domin ƙwansu yana maƙalewa a ƙarƙashin farce da zanin gado da tabarma. A kansu ana yi wa duk mutanen gidan magani rana ɗaya, a yanke wa yara farce, a yi musu wanka da sassafe, a wanke kayan kwanciya a shanya a rana, sannan a maimaita maganin bayan mako biyu don kama waɗanda suka ƙyanƙyashe a tsakani.